Tambayi Makanike: In ɗora wa tsohuwar Datsun ɗin Baba injin V8?

TAMBAYA: Assalamu alaikum Oga, barka da ƙoƙari, Allah ya ƙara basira. Ni mai bibiyar wannan fili ne daga Jekadafari a nan cikin Gombe. Mahaifinmu Allah ya jiƙansa ya bar wata tsohuwar mota Datsun 240Z ƙirar 1972, mai kujera biyu, da ita ya dawo daga karatu a Amurka, to da aka zo rabon gado sai ta faɗo a kasona. Ta daɗe a ajiye a gida, injin yana tashi amma sai hayaƙi kuma babu ƙarfi. Wani abokina yace in sauke shi kawai in sa mata injin Lexus LS400 mai silinda takwas, wai ana samun na Beljiyam a Kano kuma wai sati biyu an gama aikin. Gaskiya raina ya biya don na ga ana yi a YouTube. Dan Allah Oga me ka gani, in yi ko in haƙura?

AMSA: Wa alaikumus salam ƙanena. Allah ya jiƙan Baba, ya kai haske kabarinsa, ya albarkaci abin da ya bari.

Bari in ba ka amsa kai tsaye kafin dogon bayani. Injin zai shiga, an sha yi, gaban 240Z dogo ne yana da fili, tun a shekarun 1970 Amurkawa suke cusa mata V8, wato injin mai silinda takwas, na Chevrolet. Amma in shawarata kake nema to kar ka yi, aƙalla ba yanzu ba, kuma duk wanda yace maka sati biyu to ɗora injin kawai yake lissafawa, alhali a irin wannan hidima injin shi ne ƙaramin aiki, sauran motar ce take cin kuɗi da lokaci da haƙurin mutum.

Da farko ina so ka san abin da ke hannunka, don na lura matasanmu da yawa suna ganin irin motocin nan kamar kayan 'yan gwangwan ne. Kamfanin Nissan, masu Datsun, ya fito da 240Z a ƙarshen 1969, injinta sunansa L24, silinda shida ne a jere, lita 2.4, kafireto biyu, ƙarfin doki 151 a ma'aunin wancan zamanin, ita kuma motar gaba ɗayanta tan ɗaya ce da 'yan kai. Da wannan injin ɗin da abokinka yake rainawa ta cinye gasar Safari ta gabashin Afirka har sau biyu, a 1971 da 1973, a kan jar ƙasa da taɓo da gargadar Kenya. Kenan ba rashin ƙarfi aka haife ta da shi ba, tsufa ne da zama, kuma waɗannan biyun suna da magani.

Shi kuma injin da ake maka talla, 1UZ-FE, wallahi ba zan kushe shi ba, yana cikin injina mafi nagarta da Toyota, masu Lexus, ta taɓa yi. A 1989 ya fito cikin LS400, lita 4, ƙarfin doki 250, kuma ƙarfin da yake murɗa taya da shi Nm 353 ne, naka kuwa bai cika 200 ba, ka ga ya kusa ninka shi. Wani abin da zan yaba wa abokinka, ko da saninsa ya zaɓa ko dace ya yi, shine gangar jikin injin nan alminiyam ce, saboda haka duk da girmansa ba zai danne gaban motar ba. Wannan ba ƙaramar magana bace. A Ingila kamfanin MG ya taɓa ɗaukar ƙaramar motarsu MGB ya ɗora mata ƙaton injin ƙarfe mai silinda shida lita 3 a 1967, suka kira ta MGC, gudu ya ƙaru amma gaba ya yi nauyi, in ka sha kwana sai motar ta nemi wucewa miƙe, 'yan jarida suka yi mata ca, zuwa 1969 an daina yin ta. Da suka dawo a 1973 suka sa wa ita MGB ɗin V8 na Rover lita 3.5 wanda shi alminiyam ne, nauyinsa bai wuce na ƙaramin injinta na asali ba, sai motar ta zauna daram. To ta ɓangaren nauyi dai Lexus bai da laifi.

Matsalarsa faɗi ne da kuma duk abin da zai jawo a bayansa. Injin ne mai kai biyu, kowane kai da kamshaf biyu, sai ya yi faɗi sosai daga sama, ita kuma motarka an tsara ta ne don siririn injin mai tsawo. Sandar sitiyari tana gangarowa ta hagu daidai wurin da bututun salansa na wancan ɓangaren zai so fita, dole a ƙera sabon bututu da hannu a zagaye ta, kuma a bar tazara don kar zafi ya dafa tiyon birki. Kaskon baƙin mai na LS400 cikinsa a gaba yake, daidai inda ƙarfen da ke ɗauke da injin da rak ɗin sitiyarin 240Z suke, sai ka nemo kasko mai ciki a baya irin na Lexus SC400 tare da bututun da ke zuƙo man, kuma SC400 ba mota bace da za ka shiga Ƙofar Ruwa ka ga an jibge kayanta. Sannan wannan injin daga kamfani da giya otomatik kaɗai ya fito, in kana son manuwal, wanda shi ne daɗin irin motar nan, sai an samo farantin haɗi da fulawil da kuloci da giyabos na wata Toyota irin W58 ko R154, mafi yawa sai an yi odar su daga waje da dala. In ka ce a bar otomatik ɗin, to ƙato ne, ramin giya na cikin motar sai ya sha guduma ko a yanka shi.

Na taɓa ganin wata tsohuwar mota da aka yi wa irin wannan aikin na gaggawa a wani gareji a hanyar Dukku. Sit ɗin injin guntayen ƙarfen gini ne aka yi musu walda kai tsaye a jikin shasi ba roba a tsakani, bonet ya ƙi rufuwa sai aka huda shi aka lanƙwasa kwano a sama, farfela kuwa yanke ta aka yi aka haɗa da ido ba a kai ta wurin masu juya ƙarfe sun daidaita ta ba. A tsaye ƙararta daɗi kamar me, yara har taruwa suke, amma da ta kai gudu tamanin sai madubi ya fara rawa, liban giya yana kaɗawa a hannu, ƙasan kujera yana ɗumi. Mai ita ya kashe kuɗi masu yawa kuma ƙarshenta ko Kwami ba ya yarda ya je da ita. Abin ya dame ni sosai, don jikin motar lafiyayye ne kafin a taɓa shi, kuma abin da aka yanke ba zai koma ba.

To mu ce duk an yi wannan da kyau, ƙarfin nan ina zai je? Zai bi farfela ya sauka a difaransha ta baya, taka ana ce mata R180, ƙarama ce, an yi ta daidai L24. Nissan da kansu da suka ƙara girman injin zuwa lita 2.8 a ƙanwarta 280Z sai suka koma babbar da ake kira R200 a masu giyar hannu, to su da ƙarin bai kai rabin lita ba sun canza, ina ga kai da za ka koma lita 4? Ga sandunan da ke kai ƙarfi zuwa taya da kurososhinsu sun haura shekara hamsin. Birki kuma, gaba faranti ne ƙarami, baya ganga ce, taya inci 14, kuma ba ABS ba komai. Kai ka san hanyar Gombe zuwa Bauchi, ka san ramukan da ke wajen Bara da Alkaleri da tirelolin da ke kauce musu su shigo hannunka, ka san shanu kan fito ba sallama. A irin wannan hanya tsayawa ta fi gudu muhimmanci, kuma ni ban yarda a ƙara wa mota ko doki ɗaya ba sai birkinta ya fi ƙarfin injinta.

Sai zafi. A Maris da Afrilu garin nan yana kai maki 40, lagireton asali ba zai iya da V8 ba, sai babba na alminiyam da fanka ta lantarki da murfin da zai tilasta iska ta bi ta cikinsa, kuma a bar wa zafin hanyar fita daga ƙarƙashin bonet, in ba haka ba gosulo ɗaya a wajen Tashar Dukku ya isa allura ta hau ja. Sai mai: kafireto da ɗan matsi kaɗan yake aiki, injekta kuwa yana son matsin da ya ninka wannan wajen sau goma, kenan sabon famfon mai, sabbin tiyo masu jure matsi, layin da zai mayar da ragowar mai tanki, da wanke tankin da ya shekara yana tsatsa. Tiyon da bai dace ba a kusa da salansa gobara ce, ba wasa nake ba. Sai wayarin, wanda a nan ne ayyuka da yawa suke mutuwa. Injin Beljiyam sau da yawa yana zuwa an datse wayoyinsa da almakashi, ba birenbos, ba na'urar auna iska, ba igineta, dillali yace maka ai rewaya zai haɗa. In har za ka saya, ka sayi rabin mota, wato gaban gaba ɗaya da wayoyinsa ba a yanka ba, kuma ka nemi na farkon shekarun 1990, don na baya-bayan masu VVT-i suna da tsaron makulli, in ba makullinsu da akwatinsu ba za ka sha wahala kafin su tashi.

Amma duk wannan ba shi ne ya fi tsaya min a rai ba, jikin motar ne. 240Z ba ta da shasi daban irin na Hilux, kwanon jikin shi ne ƙashinta, kuma kwanon siriri ne, sananniya ce wajen tsatsa. Gobe da safe ka ɗauki sukundireba da tocila, ka cire batir ka soki kwanon da yake zaune a kai, ka ɗaga kafet ɗin ƙafar direba da na fasinja ka soka, ka kwanta a ƙasa ka bi ƙarafa biyun nan da suka taho daga gaba suka bi ƙarƙashin kujeru kana ƙwanƙwasawa. In ka ji ƙara tas-tas to alhamdulillahi, bushewar iskarmu ta taimake ka, in ka ji luƙus ko garin tsatsa ya zubo maka a fuska to ka ajiye maganar kowane injin tukuna. Ɗora V8 a kan jikin da ya ci tsatsa kamar zuba dakin na siminti ne a kan katangar ƙasa. Ko Carroll Shelby, Ba'amurken da ya yi suna da wannan harka, wanda a 1962 ya sa V8 na Ford a ƙaramar motar Ingila AC Ace aka samu Cobra, da ya tashi sa mai lita 7 a 1965 ai bai cusa shi a tsohon jiki ba, sabon shasi aka zana mai bututu masu kauri, aka canza sifirin, aka faɗaɗa motar, kuma yana da injiniyoyin Ford a bayansa.

To me zan yi in ni ne kai? Zan fara da gano ciwon L24 ɗin. Hayaƙi da rashin ƙarfi a motar da ta daɗe a zaune ba lallai mutuwa bace. A gwada matsin kowace silinda da geji, ba da babban yatsa ba. In hayaƙin shuɗi ne kuma ya fi yawa da safe ko bayan an ɗaga ƙafa daga totur, robobin bawul ne suka bushe. In baƙi ne to mai yake sha da yawa, kafireto biyun nan irin ƙirar da ake kira SU ne da kamfanin Hitachi ya yi, sai an daidaita su suna zuƙar iska daidai da juna, kuma akwai ɗan mai da ake ɗiga musu ta sama wanda yawancin yaran gareji na yanzu ba su ma san da shi ba. Ka nemi dattijon makanike wanda ya yi zamanin Datsun da Fijo 504, har yanzu akwai su a Gombe da Bauchi, ka zauna kusa da shi yana yi kana kallo. Sau da yawa rin da gaskit da gyaran kai da sabon fulogi sun isa ka ji motar ta dawo hayyacinta.

In kuma bayan haka har yanzu ranka na son ƙari, to ga ƙarin da na yarda da shi: L28, wan injinka, lita 2.8, wanda ya zo a 280Z da 280ZX, kuma an sa shi a wasu Nissan Patrol da Laurel da Cedric na wancan lokaci. Gida ɗaya suka fito da L24, yana zama a kan sit ɗinka, yana kama giyabos ɗinka, kafiretonka da salansarka suna ɗauruwa a jikinsa, in daga wata motar ya fito ba Z ba sai a duba kaskon mai da bututunsa a mayar masa irin naka. Ba yanka, ba guduma, ba birenbos. In ka dace da giya mai biyar ta 280ZX ka haɗa, a doguwar hanya injin zai huta kuma mai zai ragu, wanda tun da aka cire tallafi a 2023 ba wanda zai ce wannan ƙaramin abu ne. Birkin gaba kuma akwai dabara sananniya, kalifa mai fistin huɗu ta tsohuwar Toyota fikof mai fowil ta farkon shekarun 1980 tana ɗauruwa a ƙafar 240Z, a gwada a tabbatar ta wuce cikin rim kafin a biya.

Kuma ko wanne ka zaɓa, dan Allah kar ka sayar da injin asali, kar ka bari yaran gareji su kai shi kilo. Lambarsa tana buge a jikinsa kuma tana rubuce a ɗan farantin da ke cikin gidan injin, masu neman irin motocin nan a duniya abin da suke fara dubawa kenan, su ga lambobin sun yi daidai. A 2020 an sayar da wata 240Z ƙirar 1971 a gwanjon intanet a Amurka kan dala 310,000, ita kam kusan sabuwa ce ba a taɓa ta ba, ba ina cewa taka za ta kai ko kusa da haka bane, amma ka ga inda darajar take, a asalinta take. Ka zuba masa baƙin mai ta ramin fulogi, ka toshe kafofinsa, ka ɗora shi a kan katako a ɗaki mara yoyo. Sannan ka yi magana da Hajiya da 'yan uwanka kafin ka taɓa komai, motar taka ce a shari'a amma su ma Babansu suke gani in sun kalle ta.

TAMBAYA: Salam Oga. Daga Fadaman Mada a Bauchi nake. Ina da Marsandi 190E mai silinda huɗu, injin ya buga, makanikena yace maimakon mu nemi irinsa gara mu sa mai shida na V-boot 300E tunda ya samu mai kyau. Ina tsoron kar in ɓata mota. Mene ne gaskiyar lamarin?

AMSA: Wa alaikas salam ɗan uwa. Taka ta fi ta mai tambayar farko sauƙi nesa ba kusa ba, dalili kuwa shine kamfanin da kansa ya riga ya yi wannan aikin. Mercedes sun fitar da 190E 2.6 mai silinda shida, injin M103, kuma na 300E ɗin shi ma M103 ne, lita 3, daga waje kusan ba ka bambance su. Kenan duk ƙarfen da ake buƙata akwai shi a duniya an ƙera shi daidai, ba sai mai walda ya ƙirƙira ba. Za ka tashi daga doki wajen 120 zuwa wajen 180.

Sharaɗina ɗaya ne, kar a sayi injin shi kaɗai. Ku nemi 190E 2.6 da ta yi hatsari ko ta mutu a Panteka ta Kaduna ko Ƙofar Ruwa, ku kwashe sit ɗin injin, lagireto da tiyoyinsa, fanka, bututun salansa na gaba, farfela, sifirin ɗin gaba, da birkin gaba gaba ɗaya. Mai shida ya fi tsawo, wurin da ke tsakanin fanka da lagireto ɗan kaɗan ne, shi ya sa ƙarfen gaban 2.6 ya ɗan bambanta da na mai huɗu, to a auna da tef tun injin yana ƙasa, kar a ɗora sannan a fara neman inda za a sare. Sifirin ɗin nan kar a ce za a bar na da, injin ya fi nauyi, gaban zai zauna ƙasa kuma kasko zai dinga dukan kan hanya a duk inda aka yi tudun rage gudu, ka san kuwa cikin Bauchi ba su da iyaka. Giyabos ma ya fi kyau a taho da na mai shidan.

Abu na ƙarshe, tsarin man injin nan KE-Jetronic ne na Bosch, rabi inji rabi lantarki, yana da kyau ƙwarai in ba a taɓa shi da jahilci ba. Ka tambayi makanikenka ko ya san shi kuma yana da gejin auna matsin mai. In yace zai cire ya sa kafireto don a huta, ka ɗauki motarka ka nemi wani.

TAMBAYA: Oga ina wuni. In mutum ya canza injin, akwai abin da ya shafi takardu? Daga wata 'yar uwa a Tumfure, Gombe, motar maigidana ce aka yi wa.

AMSA: Lafiya lau Hajiya, akwai kuwa, kuma mutane suna sakaci da shi. Lambar injin tana cikin takardun mota tare da lambar shasi, ranar da jami'i ya buɗe bonet ya ga sun saɓa, maigida ne zai tsaya bayani a bakin hanya. Ya karɓi rasit daga wanda ya sayar masa, a rubuta lambar sabon injin a jiki da sunan shago da kwanan wata, ya duba da idonsa cewa lambar ba a goge ta ko an sake bugawa ba don ana sayar da injinan motocin sata. Sai ya je ofishin lasin da na VIO da rasit ɗin da tsofaffin takardu a gyara bayanan, in kuma inshorarsa babba ce ba ta ɗaukar nauyin wani kawai ba, ya sanar da kamfanin a rubuce cewa girman injin ya canza.